Waken Mata a Wutsiyar Tirela

Ku da kuke zaune a bencin mai shayi kuna kallon tireloli suna fita daga kasuwar hatsi ta Mubi, ina jin abin da kuke faɗa, kunnena bai mutu ba. Wai direban babbar mota zama kawai yake a kujera mai laushi, ya riƙe sitiyari, ya danna ham, 'yan lodi su sha wahala shi ya sha iska. Jiya ma ɗayanku yake cika baki, wai a ba shi mako guda ya kai mota Fatakwal. Zai kai ta mana, amma a bayan wata motar, guntu-guntu. Ku matso in gaya muku. Rabin tuƙin tirela a wurin lodi ake yin sa, tun inji bai tashi ba.

Tirela abu biyu ce. Akwai kai, inda inji da direba suke, akwai bodi, inda kaya suke. Bodi ba shi da taya a gaba, hancinsa hawa yake yi a kan wani farantin ƙarfe mai maiƙo da ke bayan kai. Ƙarƙashin farantin nan tayoyin ja suke, su ne inji yake juyawa. Can gaba akwai tayoyin sitiyari, can ƙarshen bodi kuma tayoyin wutsiya, waɗanda ba sa jan komai, ɗauka kawai suka sani. Kowane rukuni yana kan aksul ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ta haɗa tayar hagu da ta dama, kuma kowane aksul da iya abin da zai ɗauka. Aikinka shi ne ka raba musu nauyi, kowa ya samu daidai ƙarfinsa.

In ka tara kaya a gaba, sifirin, wato ƙarafan nan masu lotsawa da ke saman aksul, ya miƙe ya kwanta, tayoyin ja su ɗau zafi har ka ji ƙauri, kafin ka kai Gombi ɗaya ta fashe. Masu sikeli a hanya kuma aksul-aksul suke aunawa, sai ka ga motar da ba ta ma cika ba an tsare ta a rana. In ka tara a baya, abin ya fi muni. Kai ya yi sakayau, tayoyin ja ba su kama ƙasa ba, a hawa su yi ta juyawa a banza, a gangara ka taka birki bodi ya turo ka ya naɗe motar. In kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya, kwanar farko mai kyau za ta nuna maka.

Ni a hannun Malam Buba na koya, wani siririn Bafulatani daga Maiha wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Kakana daga Katsina ya zo Mubi da fatauci, gidanmu duk 'yan kasuwa ne, ni kaɗai ƙarar inji ta ɗauke wa hankali. Na zo wurinsa ina zumuɗin sitiyari, shi kuwa ya miƙo min ɗan guduma. Duk lokacin da aka gama lodi sai ya ce, “Usmanu, je ka ji me mota ta ce.” Ranar farko na zagaya na dawo na ce ban ji ta ce komai ba. Ya ce, “To koma ka gaishe ta da kyau.” Haka na yi ta shiga ƙarƙashin mota ina fita da baƙin mai a ƙeya, har na iya. Ka buga taya da guduma ka ji amonta. Ka dubi kumatunta, wadda ta fi 'yan'uwanta baje a ƙasa ita ake zalunta. Ka zura yatsu tsakanin sifirin da ƙarfen da ke samansa, gaba da baya, hagu da dama. In an yi tafiya an tsaya, ka ɗora tafin hannu a kan kowace taya. Kayan aikin ke nan, guduma da yatsu da ido, sai igiya da weji, katakon tokare taya.

Abin da ya fi wahalar koyarwa shi ne buhu ba buhu ba ne. Ɗan kasuwa da ƙirga yake zuwa, ya ce maka buhu kaza ne, ai jiya ma ka ɗauki haka. Ba ruwansa da cewa na jiya gyaɗa ce mai ɓawo, na yau wake ne. Buhun wake ƙato biyu ke ɗaga shi suna nishi, buhun busasshen barkono kuwa tsohuwa ma sai ta ja shi da hannu ɗaya, alhali a ido girmansu ɗaya. Masu shanu su ma da nasu. Kowa so yake bijiminsa ya shiga inda ya ga dama, ni kuma in ce manya a kan faranti da kan tayoyin wutsiya, matasa a tsakiya, a ɗaure kowa, don kayan da ke da ƙafa in ka taka birki tafiya suke yi. Na yi faɗa da dillalai a kan wannan har ba na iya tunawa, kuma yawancinsu yau abokaina ne.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo muka gudu muka bar gari, kun san ta, wasunku kuna ƙanana aka fita da ku. Ba zan daɗe a kanta ba. Motar da nake ja ta yi wata da watanni a ajiye a Yola, tayoyi suka tsattsage, ni ina dako a tasha don yara su ci. Da aka dawo, kasuwa ba kaya, ƙauyuka ba rumbu, gadoji da dama a karye. Sai da aka yi noma ɗaya aka girbe kafin aka fara neman babbar mota kuma.

Aikin da nake so ku ji a farkon daminar da ta biyo baya na yi shi. Wata mata mai suna Mama Rifkatu ta same ni a gareji. Ita ce shugabar matan wani ƙauye da ke bayan Kwaja, can gindin duwatsu. Da suka koma gida ba shanun huɗa, ba taki, sai matan suka haɗa kai suka shuka wake da fartanya, Allah kuma ya ba su. Suka hana kansu sayarwa da kaka, suka adana shi har ya yi daraja. Yanzu ga mai saye daga kudu ya zo Mubi yana jira, ya ce in kayan sun iso kafin ya juya zai kwashe duka. Da waken nan za su rufa ɗakunan da aka ƙone, su mai da yara makaranta.

Ta ce, “Direba, motan ka zai iya shiga wajen mu? Gada ya karye, amma mayo ya bushe, mun jera dutse.” Mayo dai kun sani, kogin nan na yashi da ke tsakaninsu da babbar hanya.

Na ce zan je in gani. Muka je da Danladi, abokin tafiyata, mutumin Michika, magidanci mai 'ya'ya, wanda muka daɗe muna ja tare. Hanya ta yiwu. Na sauke ƙafafun bodi a kan katako a filin ƙauyen, na zare kai, na ce su fito da kaya su tara a gefe, gobe in na dawo daga gyaran taya mu yi lodi tare.

Washegari da hantsi muka dawo, sai na tarar da bodi a cike, an ja tamfol an ɗaure tsaf, mutane sun kewaye shi suna murmushi. Sun yi ne don su hutar da ni. Na yi godiya, na sauka, na je gaishe da mota. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafafun bodi ko lotsawa bai yi ba. Na zagaya baya, tayoyin wutsiya sun baje, sifirin ya kwanta, ɗan yatsa ɗaya ma ba ya shiga. Na ɗaga tamfol ta gaba, yaji ya bugi hancina.

Ga abin da ya faru. A ƙauyen, kamar yawancin ƙauyukanmu, komai da babba ake fara shi. In an kawo abinci babba ke fara sa hannu, in an zo shiga mota babba ke zama gaba. Da suka ga akwai sauran wuri, dattawa suka ce su ma a tafi musu da ɗan abin da suke da shi. Mai garin, Jauro Yakubu, barkono yake nomawa, don haka buhunan barkononsa aka fara shigarwa, suka cika gaba har sama. Sai gyaɗa mai ɓawo ta sauran dattawa. Waken mata, da yake na mata ne, shi ya shiga ƙarshe, aka danna shi a wutsiya. Ba wanda ya yi da mugunta, Mama Rifkatu da kanta ta tsaya aka jera shi haka.

Na sami Jauro a ƙarƙashin bishiya, dattijo ne mai jiki, da sandarsa. Na durƙusa na ce, “Barkama, ranka ya daɗe, an yi aiki, Allah ya saka. Amma sai an sauke an sake. Nauyi duk yana baya.”

Ya ce, “Ɗana, ba duka mota ɗaya ba ne? Gaba da baya ai tare za su isa Mubi.”

Kafin in buɗe baki Danladi ya taɓa ni ya nuna min gabas. Kan duwatsu ya yi baƙi ƙirin. Jauro ya duba shi ma, fuskarsa ta canza. Ya ce in ruwan can ya sauka, ko ɗigo bai faɗo a ƙauyen ba, mayo zai kawo, kuma in ya kawo na farko babbar mota ta gama ƙetarewa sai kaka. Na auna abin a raina. Sake lodi zai ci rabin yini, mayo kuma ba zai jira mu ba. Na ce to mu ƙetare a hankali, in mun hau tudun can sai mu sauke mu jera yadda ya kamata. Na haɗa kai da bodi, Jauro da Mama Rifkatu suka shigo gaba, gari duka ya biyo mu a ƙafa don rakiya, da yake rabonsu da ganin babbar mota ta fita da kayansu tun kafin gudu.

Muna isa bakin mayo aka fara yayyafi, ɗan kaɗan, irin wanda ko riga ba ya jiƙawa. Shi ya ɓata mana lissafi. Gangarar shiga lafiya, yashi da duwatsun da suka jera lafiya. Gaɓar fita kuwa jar ƙasa ce mai yumɓu, yayyafin ya shafa mata santsi. Na sa babbar giya ta ƙarfi na hau. Kai ya kai rabi, sai na ji inji yana kuka mota ba ta motsi. Tayoyin ja suna juyawa suna feso laka, wutsiya kuma tana zaune a tsakiyar mayo. Danladi ya diro ya sa weji. Muka zuba duwatsu da rassa, na sake gwadawa, tayoyin suka watsar da su. Maza suka jeru a baya suna turi da kabbara da kiran Yesu, kowa da nasa, mota ko gezau.

Sai wata mata ta nuna sama da hannu. Kumfa ce ke tahowa a kan yashi, da ciyayi da karare, bayanta jan ruwa. Kafin mu gama kallo ya rufe idon sawu. Mama Rifkatu ta sauko ta tsaya kusa da ni. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, “Direba, in ruwa ya taɓa waken nan, ya kumbura, mun gama.” Na sani. Wutsiya ce mafi ƙasa a yadda motar ta tsaya, kuma nan waken yake.

Na je wurin Jauro, na bugi gaban bodi da tafin hannu. Na ce, “Barkama, motar nan ba ƙarfi ta rasa ba. Nauyi ta rasa, a nan, saman tayoyin nan. Turi ba zai ba ta ba. Sai mun ɗebo wake daga baya mun ɗora a kan barkononka, kuma lokaci ba zai isa a ɗebo da yawa ba, sai mutane sun hau sun zauna a kai. Maza ina bukatarsu a ɗauko buhu. Mata ne za su hau. Barkonon zai niƙe, ban ɓoye maka ba.”

Matan suka sunkuyar da kai. A garinsu mace ba ta wuce Jauro a tsaye ba tare da ta rusuna ba, balle ta haye kan kayansa ta zauna shi yana ƙasa. Barkonon nan kuma shi ne duk abin da dattijon ya samu a shekarar.

Jauro ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, “Barkono in ya niƙe, yaji ne, ana saya. Rifkatu, wake in ya jiƙa fa?”

Ta ce, “Sai akuya, Baba.”

Ya ce, “To ku hau.”

Ba wadda ta motsa. Ya dube su, ya yi tsaki, ya miƙa wa Danladi sandarsa, ya tattare babbar riga, ya taka taya. Sai da ƙarti biyu suka tallafe shi ta baya, amma ya hau, ya zauna daram a kan barkononsa, muka ji buhu ya yi ƙurus. Ya leƙo ya ce, “Yanzu ba wanda ya fi ni sama. Rifkatu, ke nake jira.”

Ta hau. Tana kaiwa sama ta ce, “Direba, mu nawa kake so?”

Na ce, “Masu jiki nake so, Mama. Sirara su tsaya su yi mana addu'a.”

Aka fashe da dariya a tsakiyar tashin hankali. Nan take suka shiga turo juna, wannan ta ce wance ta fi ta cin tuwo, waccan ta ce ai ke ko a coci benci guda kike cinyewa. Maza kuma suka yaye tamfol, suka yi layi a saman kaya, buhun wake yana bin hannu daga wutsiya zuwa gaba. Ni ina durƙushe a laka, yatsuna a kan sifirin na tayoyin ja, ina jin yana sauka a hankali. Ina cewa a ƙara, ana ƙarawa. Ruwa ya kai gwiwa a baya, ya fara bugun tayoyin wutsiya.

Abin da ban lissafa ba shi ne barkonon. Da nauyi ya danne shi, ƙurarsa ta taso ta cikin buhu. Jauro ne ya fara atishawa, irin ta manya, mai girgiza ƙasa. Sai Mama Rifkatu, sai gaba ɗaya. Mata cike da saman mota, hawaye sharkaf, suna atishawa suna dariya suna riƙe juna. Wata ta ɗauko waƙa da yarensu, sauran suka amsa, kowane baiti da atishawa a tsakiyarsa.

Na ga kumatun tayoyin ja sun baje yadda nake so. Na ce kowa ya zauna ya riƙe igiya, kada wanda ya miƙe. Na shiga, na yi bisimilla, na sa giya, na saki kuloci a hankali kamar mai ajiye jariri. Ban ba ta wuta da yawa ba. Tayoyin suka yi rabin juyi a banza, sai na ji sun ciji ƙasa. Wannan jin, a kujera yake zuwa maka, ta ƙashin baya. Motar ta yi nishi ta ɗaga, taku ɗaya, taku biyu, Danladi yana bin ta da weji a hannu, laka har gira. Wutsiya ta fito daga ruwa tana zuba. Ban tsaya ba sai da na ga tayar ƙarshe a kan tudu ta madubi. Wallahi na yi murna irin wadda ban taɓa yi a kan sitiyari ba, na kifa kai ina dariya ni ma ina atishawa.

Kada wani a cikinku ya ce na koya masa ɗora mutane a kan kaya. Ban taɓa yi ba kafin ranar, ban sake ba bayanta, kuma tafiyar ba ta fi tsawon motar sau biyu ba. Muna hawa na sa kowa ya sauko.

Da muka waiwaya, inda wutsiya ta tsaya ruwa ya isa ƙirjin mutum, ga wani kututture yana wucewa a kai. Mutanen gari suka ce su kam za su kwana wurin 'yan'uwa a wannan gefen, in ruwa ya janye su koma, ba abin damuwa ba ne. Yayyafi ya ɗauke, rana ta fito. Muka shimfiɗa tamfol a ƙasa muka fara sauke kaya don a jera su daidai, wake a kan faranti da kan tayoyin wutsiya, gyaɗa da abin da ya rage na barkono a tsakiya da sama. Jauro yana zaune a kan dutse, idanu jawur, duk wanda ya ɗauko buhu ya tambaye shi ina za a sa, sai ya nuna ni da sanda.

Da aka zo layin ƙasa na can wutsiya, kowa ya matso kusa. Buhun ƙarshe, wanda ke bakin ƙofa, gindinsa ya yi duhu da laima. Aka sauke shi a gaban Mama Rifkatu, matan suka kewaye ta. Ta sa aka juya shi, ta farke ɗinkin ta wurin da ya jiƙa, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga can ciki. Ta duba, ta shinshina, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori. Duk da ƙarar mayo, har inda nake tsaye na ji ƙwayar ta ce ƙaras.

Ta tofar, ta share hawayen barkono da bakin zane, ta dube ni.

Ta ce, “Buhu ne kawai ya sha ruwa. A ɗinke, Direba, mu tafi kasuwa.”